Haya ta kore ni daga Abuja, Hajiya ta ce in dawo gidan gado, matata ta ce a'a

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni tela ne ɗan cikin garin Katsina, shekara 13 kenan ina Abuja, ina zaune Dutsen Alhaji da matata da yara ukku. Ɗaki biyu da falo ne ina biyan 750,000 a shekara, to watan jiya mai gidan ya aiko ejan wai daga yanzu 1,400,000 ne, in ba zan iya ba in tashi cikin wata biyu akwai mai so. Shago ma an ƙara mani. Wallahi Anti lissafi ya ƙi, duk ɗinkin da nake yi masu gida nake ma aiki. Na yi ma Hajiyarmu maganar ta ce in tattaro in dawo gida ga sashen marigayi Baba nan ba kowa in gyara in shiga, gidan dai ba a raba gado ba kuma yayyena biyu suna ciki da iyalansu. Matata tana koyarwa a wata firamare ta kuɗi, ta ce za ta bi ni duk inda za ni amma banda gidan yawa. Ina da fili da na saya 2019 can wajen Dandagoro ta hannun abokina, ban taɓa ganin shi ba sai a hoto kuma takardar mai unguwa ce kawai, ina tunanin in saida mota da injin surfani in fara gini. Sai kuma kunya, za a ce ya tafi Abuja da keken ɗinki ya dawo da keken ɗinki. Ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kawo mafita ya buɗa kasuwa.

Bari in fara da kunyar nan dan ita ce mara nauyi cikin kayan da ka ɗauko, mu aje ta mu wuce. Su wa za su ce? 'Yan majalisar bakin layi? Za su ce, ƙwarai kau, sati biyu za su yi da kai sannan wani ya saki matarshi ko wani ɗan siyasa ya sauya sheƙa su manta da kai kwata-kwata. Ni da nake rubuta maka shekara 11 muka yi a Kubwa, 2016 muka dawo da aikin maigidana ya tsaya, kayanmu a bayan wata tsohuwar kanta katifa a sama an ɗaure da igiya, muka shigo ta Ƙofar Kaura ana kiran la'asar ina ta sunne kai kamar wadda aka kama da kayan sata. Akwai wata da duk bikin da muka haɗu sai ta ce mani "su Abuja manya, an ƙoshi kenan?" To bara ɗanta ya dawo daga Legas da jaka ɗaya, ta zo nan falona tana tambaya ko maigidana ya san inda ake neman direba. Ban ce mata komai ba, zoɓo na ba ta mai sanyi. Ko Baba Buhari, Allah ya jiƙan shi, ranar da ya miƙa mulki 29 ga Mayu 2023 jirgi ya hau ya taho Daura, kuma ranar ce dai aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwanaki daga baya ta wuce 1,000, to tun daga nan siminti da haya da kuɗin mota da komai suka ɗau wuta. Ba kai kaɗai iskar nan ta kaɗo ba.

Sai maganar wata biyun da ejan ya ba ka, kar ta firgita ka ka yi tsalle ɗaya ka faɗa rijiya. A dokar haya ta Abuja mai biyan haya shekara-shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, sai dai in takardar yarjejeniyar da kuka sa ma hannu ta faɗi wani abu daban, bayan nan kuma akwai notis na kwana bakwai, sannan kotu. Mai gida ba shi da ikon ya watso maka kaya waje ko ya cire kwano ko ya garƙame ƙofa da kanshi. Ka nemo takardar nan duk inda ka jefa ta ka kai ma lauya ya karanta maka, cikin kwastomominka ba a rasa lauya ɗaya. Ba ina ce maka ka yi rigima ba, gidanshi ne kuma ƙarshenta tashi za ka yi, amma ka je wurin mai gidan da kanka ba ta bakin ejan ba, shi ejan la'adarshi yake hange dan sabon ɗan haya shi ne cinikinshi, ka ce Alhaji shekara kaza ina gidanka ban taɓa ci maka haya ba, ka bar ni wata shida in biya na wata shida yara su ƙare zangon makaranta. Lokaci kake nema, dan duk abin da zan faɗa maka nan gaba lokaci yake so, ba a fafe gora ranar tafiya.

To yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne. Duk wasiƙarka kuɗin da ke fita ka lissafa, 750,000 da 1,400,000, ba ka ce mani komai ba kan kuɗin da ke shigowa da kuma daga hannun wa suke shigowa. Mutane da yawa nan suke faɗuwa, sai su ɗora hayar Abuja kan hayar Katsina su ga rata su ce ai an huta, sun manta wanda ke biyan su kuɗin ɗinkin Abuja ba zai biyo su a kanta ba. Wannan ƙaura daga wuri mai tsada zuwa mai sauƙi ko Turawa suna yi, a Amurka bayan korona an yi ta barin Kalifoniya da New York ana komawa Texas da Florida, amma da yawansu albashinsu na biye da su ta intanet, kwamfuta kawai za su buɗe. Kai kau kekenka zai biyo ka, kwastoma fa?

Ka san halin garinmu ba sai na faɗa maka ba. Katsina ba a rasa tela, kowane lungu keke na kuka, kuma Bakatsine in ya riƙe telanshi tun na samartaka to sai mutuwa ko kuma tela ya ƙona mashi gezna ranar jajibiri. Kaftanin da kake karɓar kuɗi mai kauri a kanshi can, nan in ka faɗi rabin kuɗin sai mutum ya riƙe baki ya ce haba malam sai ka ce da zaren zinari. Ga kuma ɗinkin dangi. Wallahi ƙanena ka shirya ma wannan, azumi na kamawa za ka ga an fara sallama, "ɗan Hajiya ga yadin su Abba guda huɗu, Allah ya yi albarka", to wannan Allah ya yi albarkar ita ce kuɗin ɗinkinka, zare da maɓalli da man janareta duk daga aljihunka, in ka tambayi kuɗi a ce Abuja ta ɓata shi. Ban ce kar ka yi ma dangi ba, na ce ka sa shi cikin lissafi.

Abin da nake son ka yi cikin satin nan, ka ɗauko littafin awonka ka ware duk wanda ya kawo maka aiki fiye da sau ukku a shekarar nan, ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ba saƙon WhatsApp na kowa da kowa ba, kira. Ka ce yallaɓai ina tunanin maida shago Katsina, in na koma za ka iya aiko mani da yadi ta tasha in ɗinka in maido maka cikin kwana goma? Ka rubuta wanda ya ce e da ƙarfi, da wanda ya ce "to Allah ya sa alheri", na biyun nan ka cire shi, ya tafi. Sa'arka ɗaya in ɗinkin maza kake yi, awon namiji bai cika canzawa ba sai dai tumbi, ba kamar mu ba da sai an gwada an rage an ƙara an yi faɗa. Kuma manyan Abuja da yawa dama Kano suke aika ɗinkinsu ba su taɓa ganin shagon ba, motoci kullum suna tashi daga Katsina zuwa Abuja su bi ta Gidan Mutum Ɗaya da Malumfashi da Funtuwa da Zariya, saƙo na kwana ɗaya ya isa. In ka samu wani tela amintacce can da zai aje maka ɗan lungu a shagonshi ana karɓa ana bayarwa, kai kuma kana leƙawa duk wata ka ɗau awon sababbi, to ka ci riba biyu, kuɗin Abuja hayar Katsina. Wannan ita ce dawowar da nake so maka. In kau ka kira mutum talatin biyar suka amsa, to ka san in ka dawo sabon tela ne kai a garin ubanka, daga farko za ka fara, sai ka tanadi abin da za ku ci na wata shida aƙalla kafin ka kira mai kanta.

Kar ka manta da wuta. Injin surfani ba ya aiki da fatan alheri, ka tuna Oktoban 2024 da aka lalata layin wuta arewa ta yi kwanaki cikin duhu, teloli da masu walda da masu ƙanƙara sai zaman hamma. Duk unguwar da za ka kama shago ka tambayi mai shagon kusa awa nawa suke samu, kar ka tambayi dillali.

Sannan Katsinar da ka bari shekara 13 ba ita za ka tarar ba, kai Sallah kawai kake zuwa ka kwana ukku ka ci nama ka koma, ba ka taɓa neman gidan haya a nan ba. Garin ya cika. Mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da matsalar 'yan bindiga ta taso da yawa nan suka shigo, mai hali ya kama gida mara hali ya raɓa a kango, ga ɗaliban Jami'ar Umaru Musa da ta Al-Qalam da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman da kwalejin ilimi ta tarayya FCE, ga ma'aikata, ga kuma ku. E ku 'yan dawowa, bari in faɗa maka gaskiya ko za ka ji haushi, ku kuke ƙara ɓata mana farashi, dillali na ganin lambar motar Abuja zai ce 600,000 kan gidan da jiya 400,000 ne, kai kuma da aka ce ma 1,400,000 can sai ka ji kamar kyauta ka biya ba ciniki, gobe malamin firamaren da ke gidan kusa a ce mashi ai maƙwabcinka kaza ya biya. Yadda mai kuɗi ya kore ka daga Dutsen Alhaji haka kai ma za ka kore wani daga Ƙofar Ƙwaya ya koma Shinkafi ko Batagarawa. To dan Allah in za ka nemi gida ka aje motar, ka hau kurkura, ka sa yayanka gaba shi ya yi magana, a yi ciniki irin na Katsinawa har sai dillali ya yi rantsuwa sau ukku.

In ka ga gida kar fenti da tayil su ruɗe ka, ruwa za ka fara tambaya. Famfon Ajiwa ba kowace unguwa yake kaiwa ba, gidan da ba bohol ba rijiya kura za ka dinga saye wurin 'yan ga-ruwa, mutum biyar da wanki da wanka ka lissafa na wata ka ɗora kan hayar sannan ka san ainihin kuɗin gidan. Bayan gari akwai sauƙi amma ka duba nisa da makarantar yara da shago, da kuma ko mutanen wurin suna barci da ido biyu.

Sauƙi kam akwai, ban hana ba. Kuɗin makaranta, nama, kayan miya, hatsi in ka saya da kaka ka aje, kuɗin mota, duk za ka ji bambanci. Amma akwai wani haraji da ba gwamnati ke karɓa ba. A Abuja nisa ne ke kare ka, sai dai a kira ka a waya ka tura abin da ya samu, nan kau kana kusa, suna da biki da gudummawa da "an kwantar da wane asibiti" da "ɗiyar wance za a kai ɗaki ba gado", duk ƙofarka za a fara bugawa dan har ka shekara biyar da dawowa sunanka na Abuja.

Yanzu gidan gado. Ƙanena matarka ta fi ka gaskiya, kuma ba raina danginka ta yi ba.

Mu wata 14 muka yi a gidan su maigidana da muka dawo, kuma mutanen kirki ne wallahi, surukata har ta rasu ba mu taɓa sa-in-sa ba. Amma bari in ba ka labarin ƙwai. Satinmu na farko na tashi da safe na soya ma yarana ƙwai biyar da burodi yadda muka saba za su makaranta, ban san ƙamshi na tsallake katanga ba, ina ɗaga labule sai ga yara tara a tsaye bakin ƙofa da kwanon kokonsu ba wanda ya ce komai, kallo kawai. In ba su, kiret ba zai kwana biyu ba, in hana su, kafin azahar an ce matar wane tana ware 'ya'yanta. Na ba su ranar, washegari na rufe taga na soya a ɓoye kamar mai dafa abin haram, rana ta ukku na daina soyawa gaba ɗaya. Daga ƙwai aka koma firij, kowa na kawo ruwa da kunun aya a sa mashi, daga firij aka koma kuɗin wuta wa ya fi sha, daga nan yarana in sun yi Turanci a ce suna zagin mutane, in na fita unguwa a ce yawo in na zauna ɗaki a ce girman kai. Ba wanda ya yi mugunta a cikinmu, zama ne kawai, zo mu zauna zo mu saɓa. Faccalata da muke kamar mu cinye juna lokacin, yau da muke unguwa daban ita ce aminiyata, ko jiya ta aiko mani da dambu.

Matarka shekara nawa tana da kicin ɗinta da makewayinta da ƙofar da za ta rufe, ga ta ma'aikaciya da za ta fita da safe ta dawo da rana a gidan da sauran mata ke wuni, me kake jin za a ce? Kuma ka tambayi malamai, muhalli haƙƙin mace ne a kan miji daidai ƙarfinshi, ba alfarma ba ce. Mace ta ce maka za ta bar aikinta da ƙawayenta da garin da ta saba ta bi ka, abu ɗaya tak ta roƙa, haba ƙanena.

Ga kuma ɓangaren kuɗi wanda ya fi ƙwai ciwo. Gidan da ba a raba ba na magada ne duka, Hajiya da tumuninta, yayyenka, da 'yan'uwanka mata da ke gidajen aurensu waɗanda ba ka ma ambace su ba, kowa na da haƙƙi a kowane bulo. Kai za ka zo da kuɗin motarka ka sa tayil ka yi silin ka fidda makewayi ka ja ruwa, sashen Baba ya koma sabo, to ranar da wata cikinsu mijinta ya matsa ko ita ta matsu ta ce a fidda mata haƙƙinta, kuma tana da gaskiya, kotu za ta sa a yi ma gida kuɗi yadda aka tarar da shi, kai kuma ka tsaya kana rantsuwa kan nawa ka kashe ba takarda ba shaida. Zumunci nawa ya mutu a kan haka cikin garin nan, wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya ba su gaisawa a masallaci. In har dole sai ka taɓa sashen nan to a tara magada duka maza da mata, a kira malami da mai unguwa, ko dai a raba kowa ya san nashi ko a rubuta abin da za ka kashe da yadda za a yi da shi ranar rabo kowa ya sa hannu. In an ce maka "haba ai duk ɗaya ne, mu da kai har sai an yi rubutu", to wannan maganar ita ce dalilin rubutun.

Yadda za ka faɗa ma Hajiya shi ne inda nake jin tsoronka, dan na san ku maza. Kar ka kuskura ka ce "ita ce ta ce ba ta zama", in ka faɗi haka ka haɗa su faɗan da sai ɗaya ta bar duniya, kai kuma ka koma shago ka bar su. Ka ɗauki maganar a kanka. Ka ce Hajiya zan dawo kusa da ke kamar yadda kika ce, amma ba ni son in taɓa gidan marayu da kuɗina a zo ana jin nauyina ko ina jin nauyin wani, zan kama haya nan kusa inda yara za su taho da ƙafa. Ita Hajiya ba sashen ne damuwarta ba, ɗanta take son ta gani da safe, jikokinta su zo su cinye mata goro da alewa su ɓata mata ɗaki. Ka ba ta wannan, kullum ka biya ka gaishe ta kafin shago, Juma'a matarka ta yi tuwo ta kai da kanta. Za ta yi fushin kwana biyu ta huce, uwa ce.

Filin Dandagoro kuma, Allah ya sa yana nan. Ban ce abokinka macuci ba ne, amma fili shekara da shekaru ba shinge ba harsashi mai shi bai taɓa taka shi ba, a garin da ake saida fuloti ɗaya ma mutum ukku, sai addu'a. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba ita ce mallaka ba, tun dokar filaye ta 1978 filin birni a hannun gwamna yake, takardar da ke tsaya maka ita ce ta gwamnati wadda ake ce ma C of O. Ka zo ka taka filin da ƙafarka, ka gaida maƙwabta ka tambaye su na wane ne nan ka ji sunan da za su faɗa, ka je ma'aikatar ƙasa da safiyo a duba ko bai faɗa cikin hanya ko wani shiri na gwamnati ba, ka kuma tambaya ya wurin yake da damina dan filin rani duk kyau gare shi, sai Agusta za ka gane ka sayi tafki. In komai lafiya ka zagaye shi ko da bulo layi ukku ne ka fara bin takarda.

Amma gini yanzu da kuɗin mota da inji, a'a. Buhun siminti da ake saye ƙasa da 5,000 farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da yawa cikin Fabrairun 2024, rodi da kwano da katako duk sun bi shi, kuɗinka linta za su kai ka su tsaya, ka zama ga kango ga haya ga ba inji. Zagaya bayan gari ka ƙirga kangayen da ciyawa ta fito a falonsu, yawancinsu masu su da irin lissafinka suka fara. Motar ka iya saidawa, Katsina kurkura da mashin sun ishe ka, kuɗinta su biya hayar gida da ta shago na shekara da ɗan sola. Injin surfani kau saniyar tatsarka ce, shi ne ma abin da zai bambanta ka da telan lungu, in ka saida shi da me za ka riƙe kwastoman Abujan da muke magana? Gini a bi shi sannu, kowace Sallah in ciniki ya yi kyau a buga bulo ɗari biyu a aje.

Na san wani zai ce maka ka matsa gaba kawai, Bwari ko Zuba ko Madalla ko Suleja, ko ka tsallaka Mararaba da Masaka. Haka aka yi ta yi tun da gwamnati ta koma Abuja 1991, talaka na matsawa haya na biyo shi, da yawan masu aikin Abuja a jihar Neja da Nasarawa suke kwana. In kiran kwastomominka ya nuna ba za su bi ka ba to wannan ce mafitar wucin gadi, amma ka haɗa kuɗin ejan da na lauya da na kaushin, wato ajiyar da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, da kuɗin motar kullum naka da na matarka da canjin makarantar yara, da awannin da za ka ƙone a go-sulo, sau da yawa sai ka ga abin da ka gudu ne ya sha gabanka ta wata hanya, kuma bayan shekara biyu can ma a aiko ejan.

Wani kuma zai ce ka kawo iyali gida kai ka koma kana kwana a shago. Wannan na yarda da shi na wata shida kawai, a sa rana a faɗa ma matarka ranar, lokacin da kake gwada aiken tasha kana neman shago a nan. Fiye da haka ban yarda ba, na ga yadda wata shida ke zama shekara takwas, yara su girma suna ce ma ubansu baƙo, ita tana nan tana fama da dangin miji ita kaɗai shi kuma can wata mai abinci ta fara zuba mashi nama biyu.

Aikinta ma ka sa a lissafi dan ba ka faɗi nawa take kawowa ba, kuma na tabbata wani abu a gidan nan ita ke toshewa ba ka sani ba. Makarantun kuɗi na nan da yawa ba su kai ko mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa ma hannu 2024, ta fara aiko takardunta tun yanzu kafin sabuwar shekarar karatu, wadda ta koyar a Abuja ba ta rasa wuri, in ta samu yara ma za a rage masu kuɗi. Ku zauna da biro da takarda ku biyu bayan yara sun yi barci, ita ma ta faɗi unguwar da take so, kar ta ga gida sai ranar da aka sauke kaya.

Ka rubuto mani mutum nawa suka ce za su aiko da yadi. Kuma yau ɗin nan kafin ka kwanta ka kira abokin nan naka ka ce ranar Asabar kana tafe a kai ka filin, ka kasa kunne da kyau ka ji yadda muryarshi za ta yi in zai amsa.